Yaron da “E” Ɗinsa Ke Nufin “Ɗora Ni a Kafaɗa”: Nazarin Lamarin Donald Triplett

An taɓa tambayar wani yaro a Amurka: goma a cire huɗu, saura nawa? Sai ya ce zai zana wata siffa, ya kira sunanta. Mai tambaya lamba yake jira, don haka da sauƙi ya ɗauka yaron shirme yake yi, ko kuma hankalinsa ba ya wurin. Amma siffar da ya ambata kusurwa shida gare ta. Lissafin daidai ne. Yaron ya ba da amsa, sai dai ta ƙofar da ba wanda ya tsaya a bakinta ya fito da ita.

Sunan yaron Donald Triplett. An haife shi a watan Satumba na 1933 a Forest, wani ƙaramin gari a jihar Misisipi. Lokacin da likita Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins ya wallafa rahotonsa a 1943 kan yara 11, maza takwas da mata uku, waɗanda ya ga halinsu bai yi kama da duk wata lalura da ya sani ba, Donald ne ya sa a farko, da suna “Donald T.” Daga wannan rahoto ne sunan lalurar otizim ya kafu a likitancin yara, wadda kafafen yaɗa labarai na Hausa suka fi kira galahanga. Na zaɓi lamarinsa ne saboda abu guda: kusan babu wani mai wannan lalura da aka rubuta maganganunsa tun yana ɗan shekara biyar, aka kuma bi rayuwarsa har ya kai shekara 89. Muna iya ganin abin da ya faɗa, mu ga yadda aka karɓa, mu ga inda abin ya kai shi.

Yaron da ke da baki amma ba ya hira

Donald bai makara wajen buɗe baki ba. Tun yana shekara ɗaya yana rera waƙoƙi da karinsu daidai. Yana wajen shekara biyu ya haddace Zabura ta 23 da tambayoyi da amsoshi 25 na karatun cocinsu, yana kuma gane hotunan shugabannin Amurka. Abin da ya tayar wa iyayensa hankali shi ne duk wannan hadda ba ta zama hira ba. Ba ya tambaya, ba ya amsa tambaya. Uwa ta shigo ko ta fita, bai ɗaga kai ba. Daɗinsa a bar shi shi kaɗai yana juya murfin tukunya ko wani abu mai zagaye a ƙasa, yana tsalle don murna. Wani lokaci sai ya kama sunan wani fure ya yi ta nanatawa.

A watan Agusta na 1937, yana dab da cika shekara huɗu, aka kai shi wani gidan gwamnati da aka gina don yaran da ake jin tsoron tarin fuka zai kama su. Ba tarin fuka yake yi ba. A wancan zamani shawarar da ake ba iyayen irin waɗannan yara ke nan: a kai su wani wuri, a ci gaba da rayuwa. Ya yi shekara guda a can, ya ƙara shigewa cikin kansa. Sai iyayen, Beamon da Mary, suka je suka ɗauko abinsu, duk da shugaban wurin ya ba da shawarar a bar shi. Uban lauya ne, mutum mai bin ƙwaƙƙwafi, ya zauna ya rubuta wa Kanner wasiƙa mai shafi 33 yana zayyana duk abin da yaron ke yi da abin da yake faɗa. A watan Oktoba na 1938 suka kai shi wurin Kanner a birnin Baltimo.

Wasiƙar nan da waɗanda Mary ta riƙa aikawa daga baya su ne dukiyar wannan lamari. Ba don iyayen sun tsaya sun saurara har sun rubuta ba, da maganganun Donald sun bi iska a matsayin surutun yaro marar lafiya.

Kowace kalma da mafarinta

Uban ya so ya koya masa “e” da “a’a”. Sai ya tambaye shi: kana so in ɗora ka a kafaɗata? Donald ya maimaita tambayar yadda take, wanda a wurinsa shi ne amincewa. Uban ya ce: in kana so ka ce “e”, in ba ka so ka ce “a’a”. Yaron ya ce “e”, aka ɗora shi. Daga ranar, har tsawon lokaci, duk sa’ad da Donald ya ce “e”, abin da yake nufi shi ne a ɗora shi a kafaɗa.

A tsaya a duba wannan da kyau. Yaron bai kasa koyo ba. Ya koya sarai, ya riƙe da ƙarfi, sai dai ya haɗa kalmar da dukan abin da ya faru a lokacin da ya fara jin ta: uban, kafaɗar, daɗin hawan. Mu muna ɓare kalma daga wurin da muka tsince ta, mu yi ta yawo da ita. Shi da ɓawonta da ƙasarta yake ajiye ta. Baƙon da bai san labarin kafaɗa ba, in ya ji yaro ya zo gabansa yana cewa “e, e”, me zai fahimta? Babu. Uban kuwa ya san sunkuyawa ake so ya yi.

Haka maganarsa take ko’ina. In yana so a cire masa takalmi sai ya ce: “Cire takalminka.” In wanka yake so sai ya ce: “Kana son wanka?” Yana kiran kansa “kai”, yana kiran wanda yake magana da shi “ni”, domin haka ya ji jimlar daga bakin uwarsa, kuma haka ya adana ta. In ya farka daga barcin rana yana so ya sauko daga gado, sai ya kira uwar da sunan da ya laƙaba mata: “Boo, ki ce: Don, kana so ka sauko?” Ta faɗa. Sai ya ce: “Yanzu ki ce: to.” Ta ce to. Sannan ya sauko. In ba ta bi wannan tsari ba sai kuka da ihu. Yana da kofin madara da kofin ruwa. Da madara ta shiga kofin ruwa sai ya kira ta farin ruwa. In aka ce masa ya ajiye abu ƙasa, a daɓe zai ajiye shi, ko da tebur na gabansa.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce ta launuka. Yana zane sai a ji yana cewa: “Annette da Cecile suna ba da shunayya.” Duk wanda ya ji zai ce ai wannan ba ta da kai ba ta da gindi. Ashe akwai ’yan biyar da aka haifa a Kanada a 1934, ’yan gidan Dionne, waɗanda duniya ta ɗauki labarinsu a lokacin. Donald yana da kwalaben fenti, sai ya raɗa wa kowace sunan ɗaya daga cikin ’yan biyar ɗin. Annette ita ce shuɗi, Cecile ita ce ja. A haɗa shuɗi da ja, shunayya ake samu. Gaskiya yaron ya faɗa tsantsa.

Kanner da kansa ya dawo kan wannan batu a wata maƙala a 1946, inda ya nuna cewa maganganun da ake ɗauka ba su da alaƙa da komai suna da tushe in an bi sawu. Ya kawo misalin wani yaron cikin goma sha ɗayan, Paul, wanda kan ce: “Kada ka jefo karen daga bene.” Babu kare, babu bene. Uwarsa ce ta tuna cewa shekaru baya, a wani otal a Ingila, ya riƙa jefo karen wasansa daga bene har ta gaji ta faɗa masa haka. Tun daga nan, duk lokacin da zuciyarsa ta raya masa ya jefar da wani abu, da wannan jimla yake tsawatar wa kansa. Ruwa ba ya tsami banza. Yaro ne ke ƙoƙarin kame kansa, kuma da babbar murya yake sanar da kowa, amma sai wadda ta san otal ɗin ce za ta ji.

Duk da haka, shekaru da yawa bayan Kanner ana ɗaukar wannan maimaita magana a matsayin aibin da ya kamata a kankare. Sai a 1981 wasu masu bincike, Barry Prizant da Judith Duchan, suka ɗauki hoton bidiyon yara masu otizim suna maimaita abin da aka faɗa musu, suka duba inda idonsu yake, da abin da hannunsu ke yi, da abin da ya gabata da abin da ya biyo. Suka samu cewa maimaitawar tana aiki iri-iri: wani lokaci amincewa ce, wani lokaci roƙo, wani lokaci karɓar zance ne don kada hira ta yanke, wani lokaci yaron yana bita ne don ya fahimta ko ya kwantar da kansa. Abin da Mary ta gano a bakin gadon ɗanta shekara arba’in kafin nan ke nan.

Wani zai ce: to in ana biye wa yaro haka, yaushe zai koyi magana irin ta mutane? Tambaya ce mai kyau, kuma lamarin Donald ya amsa ta. Uwar ta biye masa, tana kuma jan sa a hankali, tana ƙirƙiro wasannin da za su sa ya zauna da ita. A 1939 wata shugabar makaranta, ƙawar uwar, ta yarda a gwada shi a aji ɗaya. Da aka koma da shi wurin Kanner a 1941, “ni” da “kai” sun koma mazauninsu a bakinsa, jimlolinsa sun daidaita. Amsa masa da aka riƙa yi a harshensa bai hana shi koyon na jama’a ba. Ni a ganina shi ne ma ya ba shi dalilin ci gaba da magana, domin ya ga tana biyan bukata.

Rijiya, maƙabartar tsuntsaye da kunyoyin masara

A 1942 iyayen suka kai shi zama wurin wasu manoma, mata da miji, dangin Lewis, kimanin mil goma daga gida. Kanner ya ziyarce shi a can a watan Mayu na 1945, kuma ya rubuta cewa hikimar mutanen nan ta ba shi mamaki.

Donald yana da son aune-aune, komai sai ya auna. Maimakon su hana shi, sai suka sa shi haƙa rijiya, yana zuwa yana ba su rahoton zurfinta. Yana da ɗabi’ar tsinto matattun tsuntsaye da ƙwari. Suka ware masa wuri ya zama maƙabarta, suka ce ya kafa wa kowane kabari alama ya rubuta suna. Yana yawan ƙirga layukan masara, ya gama ya sake. Suka ba shi doki da garma suka ce ya riƙa ƙirgawa yana huɗa. Kanner ya tsaya ya ga ya yi dogayen kunyoyi shida, yana sarrafa dokin yana juya shi da kyau. Yana kuma zuwa makarantar ƙauyen, inda aka karɓe shi da halinsa.

Waɗannan manoma ba su karanta ilimin halayyar yara ba. Sun dai gane cewa ƙirga da awo su ne hanyar da yaron ke taɓa duniya, kuma duk mai son isa gare shi ta nan zai bi. Rahoton zurfin rijiya hira ce. Wani ya tambaya, wani ya amsa, kuma amsar tana da amfani ga duka biyun. Yaron da aka ce ba ya amsa tambaya, ga shi kullum yana kawo amsa da ƙafarsa.

Ya dawo gida ya yi sakandare a Forest, ya wuce kwalejin Millsaps a birnin Jackson, ya gama a 1958 da digiri a harshen Faransanci. Ya kama aiki a bankin garinsu, wanda dangin uwarsa ke da hannu a cikinsa, ya yi shekaru sama da sittin yana shiga yana fita. Ya koyi tuƙin mota yana shekara 27. Yana buga golf kusan kullum. Daga baya ya riƙa tafiye-tafiye shi kaɗai, ya je ƙasashe fiye da 30.

Kada a ɗauka warkewa ya yi. A 1970 uwar ta rubuta wa Kanner cewa har yanzu ba ya shiga hirar jama’a. Da ’yan jarida biyu, John Donvan da Caren Zucker, suka gano shi yana tsoho suka rubuta labarinsa a 2010, sun tarar da mutumin da ke ba duk wanda ya sani lamba, kuma ba ya mantawa. Su ma ya ba su 549 da 550. In yana jin daɗin mutum, sai ya harbe shi da roba irin ta ɗaure kuɗi. A wani garin wannan zai iya jawo faɗa ko ƙara. A Forest an san gaisuwa ce. Mutanen garin har gargaɗin ’yan jaridar suka yi cewa kada su kuskura su cutar da Don. Akwai kuma labarin da ya daɗe yana yawo cewa yana yaro ya kalli ginin makarantarsu ya faɗi adadin tubalinsa nan take. Da tsufa ya bayyana cewa bai ƙirga ba, lamba kawai ya faɗa, don yana so yaran da suka tambaye shi su ga kimarsa. Wannan shi ne yaron da aka rubuta cewa bai damu da mutane ba.

Waɗanda ba a saurara ba

Ba zan yi adalci ba in na tsaya nan. Donald ɗan masu hali ne, farar fata a Misisipin da ake wariyar launin fata, ɗan gidan da ke da banki a garin da kowa ya san kowa. Kuma yana da baki. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na yara masu otizim ba sa magana ko kaɗan, ko kuma kalmominsu ba su wuce a ƙirga ba.

A cikin yaran Kanner akwai Virginia. An kai ta gidan gwamnati na masu raunin ƙwaƙwalwa tana shekara biyar, ana zaton kurma ce. Ba kurma ba ce. Da aka yi mata gwajin da ba ya bukatar magana, sakamakonta ya fito daidai da na sauran yara. An ji ta tana rera waƙar Kirsimeti a maƙogwaro. Tana ji, tana fahimta, tana da abin da ke fitowa daga cikinta, amma babu mai rubuta shafi 33 a kanta. Da Kanner ya bi sawun yaran a 1971, ya tarar huɗu daga cikinsu, har da ita, sun ƙare yawancin rayuwarsu a irin waɗannan gidaje, kuma hasken da ya gani a tare da su suna ƙanana ya dushe. Ya ce shiga asibitin gwamnati ya zame musu tamkar ɗaurin rai da rai. Wani kuma, Herbert, bai taɓa magana ba har ya girma, amma da yake wani manomi ya riƙe shi yana bin sa aiki, ya rayu cikin natsuwa yana da abin yi. Ashe ba baki kaɗai ne ya raba su ba.

Yau akwai abin da Virginia ba ta samu ba. A 1985 Andy Bondy da Lori Frost suka fara tsarin musayar hoto a jihar Delaware: yaro ya miƙa hoton kofi, a ba shi ruwa. Akwai alamun hannu, akwai manhajojin waya da ke furta abin da yaro ya taɓa. Tsoron da iyaye kan ji cewa hoto zai sa yaro ya yi kasalar magana, binciken da aka tattara bai goyi bayansa ba. Kafin ma a kai ga kayan aiki, yaron da ya kamo hannunki ya ja ki zuwa randa ya yi magana. Wanda ya toshe kunne ya durƙusa a tsakiyar biki ya yi magana. A ba shi ruwan, a fitar da shi daga hayaniyar, a faɗi kalmar a lokacin da ake yi. Riƙe kofi a sama ana cewa “sai ka ce ruwa” alhali yaro yana kuka, koya masa ake yi cewa ƙoƙarin da ya riga ya yi ba shi da daraja.

Shi kansa Kanner ya yi kuskure mai ciwo. Ya rubuta cewa iyayen yaran nan ba sa nuna musu ƙauna, wasu suka ɗauki maganar suka mayar da ita hukunci a kan uwaye, aka yi shekaru ana ɗora musu laifin da ba nasu ba. Sai a 1969 ya tsaya gaban taron iyaye ya wanke su. Ina tuna Mary tana tsaye tana maimaita “Don, kana so ka sauko?” rana bayan rana, in ji zafin wannan zargi.

A 2012 Damian Milton, masani ɗan Birtaniya wanda shi ma yana da otizim, ya kawo hujjar cewa rashin fahimtar daga ɓangare biyu yake: yadda mai otizim ke wahalar karanta mu, haka mu ma muke wahalar karanta shi. A 2020 masu bincike a Jami’ar Edinbara suka gwada da mutum 72. Aka jera su takwas-takwas, a ba na farko labari ya faɗa wa na biyu, har zuwa na ƙarshe. Layin masu otizim zalla ya riƙe labarin kamar yadda layin marasa otizim zalla ya riƙe. A layin da aka gauraya ne labarin ya fi zubewa.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Mun san uwar da ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi a gaban mutane, kuma babu mai hankalin da zai ce ba ta son sa. Mun san yaron da ke sunkuyar da kai gaban babba, ba ma cewa ba ya saurare. Muna gane habaici, muna warware zaurance. Amma in yaro ya maimaita tambayar da aka yi masa, ko ya ƙi haɗa ido, ko ya yi ta faɗar wata jimla da ya ji a rediyo, sau da yawa sai a ce iskoki ne, ko taurin kai, ko a ce aku ne kawai. Kafin a kai ga wannan, a tambayi wadda ke kwana da shi: ina ya fara jin jimlar nan, me ake yi a lokacin, yaya yake ji a ranar?

Donald ya ci gaba da zama a gidan da ya tashi bayan rasuwar iyayensa, yana tuƙa motarsa, yana shan kofi da abokansa da safe, yana zuwa filin golf da yamma. Ciwon daji ya yi ajalinsa a ranar 15 ga Yuni, 2023, a garin Forest. Ya bar mutane da dama a garin waɗanda kowannensu ya san lambar da Don ya ba shi.